Jariran da Aka Haifa da Kanta a Hannu

Masu riƙon labaran da sun ce, a shekarar da kasuwar Tudun Marke ta mutu, zazzaɓi kuma ya bi gida-gida, Sarki Jatau ya yanke shawara. Zai fasa rumbun tsimi, ya ƙara da rancen hatsi daga fatake, a raba wa kowa don kasuwa ta farfaɗo. Zai kuma tara magani a gida ɗaya na sarki, kyauta, ya hana sauran masu magani sana'a. Fadawa suka yi ta sambarka, manzo ya kama hanya zuwa wurin fatake.

Rana tsaka sarki ya je duba rumbun shi kaɗai, sai ya iske wata tsohuwar ungulu a kansa.

"Ranka ya daɗe," in ji ta, "na zo kama wuri ne tun da wuri. Na taɓa cin irin wannan biki a garin Kwarin Gawo."

Sarki ya ce ta ba shi labari. Ungulu ta gyara tsayuwa ta ce:

"Magaji Barau ke riƙe da garin, mutum mai son a yabe shi. Lokacin da fari ya matsa wa garin, wani baƙo ya zo masa da jakuna niƙi-niƙi da gero. Ni ina sama, na lura ba shi da inuwa. Ya ce a ci a ƙoshi, ba zai nemi ko ƙwaya daga wanda ke raye ba, waɗanda ba a haifa ba su za su biya. Magaji ya ji daɗi, har ya ƙara da alkawarin magani kyauta daga gidansa. Sai ungozomar garin, Iya Kande, ta durƙusa ta ce, 'Magaji, ji labarin tukunyar Bagudu kafin ka amsa.'

"Ta ce, 'Bagudu mai magani ne na gaske. Wani hakimi ya kori sauran masu magani, ya ce kowa ya sha daga tukunyarsa. Jama'a suka yi yawa, sassaƙe ya yi kaɗan, Bagudu ya riƙa ƙara ruwa. Kullum ƙari, har ya zama zallan ruwa ake sha. Mutane na mutuwa suna godiya, don ba wata ƙofar da za su ƙwanƙwasa. Magaji, kyautar da ta rufe sauran ƙofofi abin tsoro ce, balle wadda za a aza wa 'ya'yan da zan karɓa da hannuna.'

"Ka san abin da ya ce da ita? Wai ladan wankan jego take karewa. Sakarai. Aka sauke gero, kasuwa ta cika, aka ci har da irin shuka.

"Da shekara ta kewayo, Iya Kande ta karɓi haihuwar fari. Jaririn bai yi kuka ba. Ta buɗe tafin hannunsa, sai ga kanta irin ta wanda ya tsufa yana riƙon fartanya. Na biyu haka, na uku haka, duk bayansu a ranƙwashe. In rana ta take, uwa ta shafa bayanta ta ji zani wayam. Sai la'asar goyon ya dawo, ƙafafu duk taɓo, ga numfashin gajiya. A bayan gari kuwa akwai wata gona ta baƙon nan, kullum a nome take, ba a ganin mai noma.

"Ranar sunan jikan Magaji aka miƙa masa yaron. Jaririn ya buɗe ido ya dube shi, ya ce, 'Kaka, saura nawa?' Magaji bai sani ba, don bai taɓa tambaya ba. Ranka ya daɗe, na ci nama a garin nan har ya gundure ni, kuma wallahi ban ji daɗinsa ba."

Sarki Jatau ya tuna da 'yarsa Ladidi, ga ta da tsohon ciki. Ya ce, "To in zuba ido talakawana su mutu?"

"Wa ya ce ka zuba ido? Buɗe bakin rumbu, ka auna wa marasa lafiya da marayu daga abin da ke naka. Ka bar iri, ka bar masu magani su yi aikinsu. Amma kada ka yi alkawari da bakin wanda bai zo duniya ba."

Nan take sarki ya tashi mahayi ya dawo da manzo. Manzo ya iso yana ba da haƙuri, ya ce fataken sun riga sun ɗora masa buhu ɗaya na kafin alƙalami, babban cikinsu kuma ya ce kada a damu da biya yanzu.

A makon nan Ladidi ta sauka. Sarki ya karɓi jaririyar, ya buɗe ɗan tafinta. Laushi tuɓus, sai dai a gindin yatsa ɗaya akwai 'yar kanta kamar ƙwayar gero.

Ya ce, "Ungulu ta yi gaskiya. A ɗauko mini fartanya, wannan buhun ni zan nome shi."