Turmin Tasalla

Ga ta nan, ga ta nanku, har da masu gyangyaɗi.

Ta zo mu ji ta, Kaka.

An yi wata mata, Tasalla, wadda ta sayar da tunkiyarta ta sayo turmi. Turmi fa na gani na faɗa, na icen maɗaci, sumul-sumul. Ta shafe shi da man kaɗe, ta ajiye shi a ɗaka kusa da gado. A garin nan kuwa turmi ba ya kwana biyu a gida ɗaya, yau yana nan, gobe yana maƙwabta. Ita kanta Tasalla shekara bakwai da na aro take daka. Amma da ta sami nata, sai ta rantse ba mai fasa mata shi.

Gwamma maƙwabciyarta, da nata turmin yake wani gida, ta shigo aro, Tasalla ta ce turmi ba shi da lafiya. Kashegari wata Kulu ta zo, aka ce mata turmi yana azumi. Rana ta uku Gwamma, da yake ta iya tsiya, ta dawo duba mara lafiya har da 'yar furarta. Tasalla ta tare ƙofa, ta ce ai ya warke, ya tafi daji ganin dangi, bai faɗi ranar dawowa ba.

To, daka ba ya ɓuya. Dukan taɓarya ɗaya, duk unguwa ta san turmi ya dawo. Sai ga mai sabon turmi zaune tana tauna ɗanyen gero kamar akuya, ido a ƙofa kada wata ta leƙo.

Ashe Gara tana jikin bango tana haɗiyar yawu. Turmin da ake dakawa kullum ba ta iya zama a cikinsa, girgiza ke korarta. Ta sauko ta gaida Tasalla da ladabi, ta ce tausayi ne ya kawo ta.

"Baiwar Allah, abu mai daraja ba a barinsa a idon mutane. Binne shi a bayan ɗaki, ni da 'ya'yana mu yi miki gadi kyauta."

Tasalla ta ji daɗi har da sa albarka. Ta haƙa rami ta binne. Kullum da safe sai ta tsuguna a wurin.

"Gara, turmina yana nan?"

"Yana nan, kuma naki ne."

Haka har damina ta wuce. Sai 'yar Tasalla ta haihu, suna saura kwana biyu, ga gero kwano ashirin ba surfe. Tasalla ta ce yau duniya za ta ga turmi. Ta tono shi, ga shi nan yadda ta sa shi. Ta zuba gero, ta ɗaga taɓarya ta sauke da ƙarfinta. Fus! Taɓarya ta zarce har ƙasa, Tasalla ta bi ta da ka. Ta tashi jawur da garin ice, kaji kuwa suka yi biki da gero.

Ta hau Gara da zagi, ba irin wanda ba ta yi mata ba. Gara tana sakace, ta bari har ta gaji.

"Ni ban taɓa cewa nawa ba ne. Naki ne har yanzu, kwashe abinki. Sai dai nan gaba ki sayo mara ɗaci."

Tasalla ta zauna ta yi kuka, na baƙin ciki da na kunya. Amma suna ba ya jira. Ta yafa gyale, ta ja ƙafa zuwa gidan Gwamma, ta tsaya a bakin ƙofa. Gwamma ta dube ta sama da ƙasa, ta yi dariya har da hawaye. Sannan ta mirgino nata tsohon turmin, wanda gida goma suka shekara ashirin suna daka a ciki, ko tsagewa bai yi ba.

"Ɗauki. In kin gama ki miƙa wa Kulu, ita ke biye."

Kun ji, 'yan nan. Abin da ka hana maƙwabci, a cikin gara yake ƙarewa.

Ƙurunƙus kan ɗan ɓera, kowa ya tashi ya kakkaɓe tabarmarsa.