Layin Gargaɗin da Injiniya Ya Cire

Akwai wani mutum da ke kula da kwamfutocin wani kamfanin sayar da kayan gini, kowa Injiniya yake ce masa. Ya iya aikinsa, ba a raina masa. Matsalarsa ɗaya ce: zuciyarsa ba ta zubar da shara. Idan ka taka shi bara, bana yana sane da takalmin da ka sa.

A gida kuwa shi ne auta, kuma shi ke riƙe da mahaifiyarsu, Inna. Ciwon ido ya riga ya cinye mata ido ɗaya, ɗayan ma ya fara dishi-dishi. Likita ya ce akwai ƙwararru da za su zo asibitin su yi aiki na ɗan lokaci su koma, kuma in aka bari suka tafi, to sai dai haƙuri. Inshorar lafiya ta kamfani za ta ɗauki nauyi, muddin aka tura wa asibitin hoton idon da takardar amincewar Manaja kafin a rufe karɓa.

"Inna, ki kwantar da hankalinki," ya ce mata. "Da idonki za ki ga jikanki na gaba."

A ofis akwai sakatariya da ake kira Anti Walƙiya saboda saurinta. Tana amsa waya, tana buga takarda, tana yi wa direba faɗa, duk a numfashi ɗaya. Sai dai sauri kan haifi nawa. Sau da yawa takan rubuta imel ta ce "ga takardar nan na maƙala", ta danna aikawa, alhali ba ta maƙala komai ba.

Saboda ita Injiniya ya sa wa imel ɗin kowa wani gargaɗi. Duk saƙon da aka ambaci takarda ko hoto a ciki ba tare da an maƙala ba, sai wani layi rawaya ya fito a samansa, ya riƙe shi, ya ce: "Dakata, ba ka maƙala komai ba." Layin nan ya rufa wa Anti Walƙiya asiri ba adadi.

Ran nan ana taron ma'aikata, na'urar haska bango ta ƙi kamawa. Injiniya na durƙushe ƙarƙashin tebur yana laluben waya, sai Anti Walƙiya ta ce, "Ku bar shi, maganinsa ɗaya ne: kashe ka kunna. Shi ke nan karatun. Sai kuma wancan rawayan layin nasa da ke damun mutum kamar sauro."

Ɗakin ya kwashe da dariya, har Manaja sai da ya share ƙwalla. Ita wasa take yi, kafin a tashi ma ta manta. Amma daga ranar suna ya bi shi. Mai gadi ma in ya buɗe masa ƙofa sai ya ce, "Barka da zuwa, Kashe-ka-kunna."

Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, ya riƙa tafasa shi kaɗai. Ya daina gaishe ta. In ya hango ta a baranda sai ya tuna yana da aiki a wani ɗakin. Takardun Inna ma, da ya kamata ya kai teburinta kamar yadda kowa ke yi, ya zagaye ya miƙa wa Manaja hannu da hannu.

"Ranka ya daɗe, don Allah ka sa hannu ka tura da kanka."

Manaja ya ce to, idonsa na kan waya.

Da Injiniya ya koma ɗan ɗakinsa mai cike da wayoyi da matattun kwamfutoci, sai ya buɗe wurin da ake saita imel ɗin ma'aikata. Ya gangara har kan sunanta. Akwai ɗan akwati mai alama a gefen gargaɗin. Ya daɗe yana kallonsa.

"Ba ke kika ce sauro ba ne?" ya faɗa a ransa. "To na kashe miki sauron. Ki yi barci lafiya."

Ya cire alamar. Na kowa yana nan, nata kaɗai ya tafi.

Ba a jima ba tarko ya kama. Ta tura wa wani babban ɗan kwangila saƙon farashin siminti babu farashin a ciki. Mutumin ya jira ya gaji, ya saya a wani wuri. Manaja ya yi mata tatas a gaban kowa, har muryarsa na fitowa ta taga. Injiniya na ɗakinsa yana jin komai, yana kaɗa ƙafa. Ya ce lallai masu magana sun yi gaskiya, ramuwar gayya ta fi gayya zafi.

Da yamma ta leƙo ɗakinsa, idonta jajir.

"Injiniya, layin nan ya daina fito min. Don Allah ka duba min."

Bai ko juyo ba. "Kin gwada kashewa ki kunna?"

Ta gane inda maganar ta dosa. "Haba ɗan'uwa, wasa ne fa."

"Ni ma wasan nake yi, Anti. In na samu lokaci zan duba."

Lokacin bai taɓa samuwa ba.

Da ƙwararrun suka iso, ya ɗauki Inna zuwa asibiti tun da safe, ta sa sabon mayafinta, ƙanwarta na riƙe da jakar kaya. Suka zauna a benci ana kiran suna ɗaya bayan ɗaya. Rana ta take, bencin ya fara yin fili, ba a kira Inna ba.

Ya je wurin ma'aikacin da ke karɓar marasa lafiya. Mutumin ya duba ya sake dubawa, sannan ya juyo masa da kwamfutar.

"Ga saƙon kamfaninku, ya iso da wuri ma. Amma babu hoto, babu takarda. Irin waɗannan gefe muke ajiye su, masu nema sun yi yawa. Yanzu gurbi ya cika, malam, ka yi haƙuri."

Injiniya ya sunkuya ya karanta. Ba Manaja ne ya tura ba. Manaja ya sa hannu ne ya ajiye a teburin sakatariya, kamar yadda yake yi da kowace takarda tun da aka kafa kamfanin. Saƙon daga Anti Walƙiya yake, ta rubuta: "Don Allah a taimaka a sa ta a gaba, mahaifiyar abokin aikinmu ce, ido ɗaya ya rage mata. Ga takardun na maƙala."

Ranar da ta tura shi, ita ce ranar da ta leƙo ɗakinsa.

Ya roƙa, ya kira wannan ya kira wancan, ya bi likita har bakin mota. Babu abin da ya sauya. Ƙwararrun suka gama kwanakinsu suka tafi, idon Inna kuwa bai jira kowa ba. Kafin wani zuwan, hasken da ya rage ya ɗauke.

Anti Walƙiya da ta ji labari ta zo gidan da kanta. Ta durƙusa gaban Inna tana kuka kamar ranta zai fita.

"Inna, ki yafe min. Ni na tura saƙon babu takardun. Saurina ne ya jawo."

Inna ta lalubo kan Anti Walƙiya ta dafa. "Tashi 'yar nan. Wanda ya yi sauri don ya taimake ni ba shi da laifi a wurina. Amma auta ya taɓa ba ni labari, ya ce ya sa wa na'urarku wani abu mai tuna wa mutum in ya manta. Ina abin ya shiga?"

"Na kowa yana aiki, Inna. Nawa ne kawai babu. Manaja ya kira wani daga waje ya duba, ya ce ba lalacewa ya yi ba, hannu aka sa aka cire."

Tana faɗin haka ta ɗago ta kalli Injiniya, wanda ke tsaye a bakin ƙofa riƙe da kofin ruwa. Kallo ɗaya ta yi masa, ta kau da kai. Da ta tona shi ma da ya fi masa sauƙi.

Inna mace ce da 'ya'yanta ba su taɓa jin ta zagi ko kaza ba. Sai ga shi ta ɗaga hannu sama.

"To ni ban san shi ba, kuma yanzu ko an kawo shi gabana ba zan gan shi ba. Amma duk wanda ya sa hannu ya cire abin nan don ya cuci yarinyar nan, har ya haɗa da idona, ban yafe ba. Na bar shi da Allah."

Ƙanwarta ta ce amin. Inna ta juya fuskarta wajen ƙofa, inda take jin numfashin ɗanta.

"Auta, ban ji bakinka ba. Ka ce amin mana."

Darasi: In za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere, don ba ka san ƙafar wa za ta faɗa ba. Kariyar da ka cire wa wani don ka huce haushi, wata rana naka ne zai zo neman ta ya tarar babu. In an ɓata maka rai, ka buɗe baki ka faɗa, kada ka rama da amanar aikin da aka damƙa maka. Ku tura wa abokan aikinku wannan labari, wataƙila akwai mai hannu a kan irin wannan akwatin yanzu haka.