Audugar da Mahfuzu Ya Binne

A Ibohamane an yi wani magidanci, Mahfuzu, wanda ko inuwarsa bai yarda da ita ba. In ya yi aski, da kansa yake tsince gashin ya binne a gindin aduwar bayan gida, kada wani ya yi masa sammu da shi.

Ƙanensa Iliya ya tafi ci-rani, ya bi ta hamada, shekara biyu ba labari. Matar Iliya, Salma, tana zaune, ita ba mai miji ba, ita ba mai takaba ba. Uwarsu, Inna A'isha, ƙafa ta ƙi, amma kullum da la'asar sai an kai mata tabarma bakin ƙofa, tana kallon hanyar mota.

Wata rana masu neman ɓatattu suka sauka a meri, ofishin magajin gari. Suka ce an tsinci gawawwaki a hamada, an binne kowace da lamba, an ajiye ɗan ƙashinta. In aka goga auduga a bakin uwa, gwajin da ake kira ADN zai nuna ko ɗanta na ciki.

Inna ta ce, "Mahfuzu, tafi ka amso mini."

"Haba Inna! Gashi ma ba a bari a fili, balle yawu. Ina za su kai shi? Wa zai riƙe shi?"

"To ka tambaye su mana."

"In tambayi kura ko ta ga akuyata?"

Salma ta ce daga bayan zana, "Yaya, ni dai in sani. Ko takaba ce, in yi ta."

Da suka hana shi sakat, ya tafi. Ya ce tsohuwa ba ta iya fita, a ba shi auduga biyu kada ɗaya ta faɗi. Ya goga ɗaya a bakin Inna don ta yi shiru, ya mayar da ita cikin 'yar kwalbarta, ya zaga ya binne ta a gindin aduwa. Ɗayar kuwa, ya tare Jaratu mai tallan nono, ya ce maganin haƙori ne, ya goga a bakinta. Audugar nan ya kai meri da sunan Inna.

Bayan wata huɗu takarda ta zo: babu ɗanta cikin gawawwakin.

Inna ta yi guɗa. "Yana da rai! Salma, kar ki gusa ko'ina."

Salma ba ta gusa ba. Damina biyu suka ƙara wucewa. A kan tabarmar nan ajali ya sami Inna, tana cewa, "In ya zo, ku ce na jira."

Maganar nan ta ci Mahfuzu. Da ma'aikatan suka dawo, ya yi musu tambayoyin da ya ƙi yi a da. Suka amsa duka, har suka ce bayan gwaji yana da ikon sa a ƙone audugar. Da suka ce yawun ɗan'uwa ma yana yi, ya buɗe bakinsa aka goga auduga.

Takarda ta biyu ta ce lamba arba'in da bakwai Iliya ne.

Salma ta yi lakwal, ta iya karatun boko. Ta jera takardun biyu a gabansa. "Yaya, ta Inna ta ce ba shi ba ne, taka ta ce shi ne. Ashe ba ciki ɗaya kuka fito ba?"

Bai iya barin zargi ya hau kabarin uwarsa ba. Ya ɗauki hauya, ya kai ta gindin aduwa, ya tono 'yar kwalbar.

Ta daɗe tana kallonta. "Ba auduga ka binne ba, Yaya. Ni ce."

Ya kai mai karatu, abin jikinka amana ne, kuma daidai ne ka bincika hannun da zai shiga. Amma tsoro tambaya yake yi, ba ƙarya ba. Mai zato da ya ƙi tambaya, na gida yake fara cuta, su ɗin nan da yake cewa yana tsarewa.