Gurasar Sanjar a Ƙarƙashin Mota

Akwai wani mutum a nan garinmu Margilan, Nodir, wanda tun ranar da ya sayi mota ya daina lissafa masu keke cikin mutane. Lungunan tsohuwar unguwa kuwa kun san su, in mota ɗaya ta shiga ko kyanwa sai ta jira. A ganinsa, duk mai keken da ke gabansa da gangan ya fito don ya ɓata masa rana.

Wata safiya ya faɗo lungun marina a guje, sai ga wani dattijo, Baba Ergash, yana tafe a keke a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai, da ƙunshin farin ƙyalle a baya.

Gurasa ce guda ɗaya a ƙunshin, busasshiya ƙamas. Ɗansa Sanjar ne ya gatsa ta ranar da zai tafi neman aiki Rasha, aka rataye sauran a bango sai ya dawo ya ƙarasa, yadda muke yi wa matafiyi. Shekara biyu ke nan, kuma wata huɗu rabon da a ji muryarsa. Sun tashi zuwa sabon gida, uwar yaron, Salomat, ta ce ba za a haɗa gurasar da kujeru a motar kaya ba, uban ya kawo ta da kansa.

Nodir ya danna hon. Dattijon ya raɓe jikin bango, amma ina wurin wucewa? Nodir ya leƙo ta taga.

"Baba, kai ke tuƙa keken ko shi ke tuƙa ka? In barci kake ji ka koma gida mana."

Ya kutsa. Madubin mota ya taɓi kan keken, dattijon ya yi tangal-tangal, ƙunshin ya kwance, gurasar ta faɗi ta tarwatse.

Da Nodir ya fito ya ga ba a ji ciwo ba, sai hankalinsa ya kwanta. Busasshiyar gurasa a bayan keke, ai kowa zai ɗauka abincin shanu ne. Ya ce a yi haƙuri, yanzu zai sayo goma masu zafi daga tanda.

Baba Ergash bai ko dube shi ba. Ya durƙusa yana tsintar gutsattsarin, yana sumbatar kowanne ya taɓa goshi, yana jera su a kan ƙyallen. Can sai ya shiga waige-waige yana cewa babu, babu.

Jama'a suka cika lungun. Wannan ya ce a ja motar baya, wancan ya rantse kada ta motsa, motoci uku a baya suna ta hon, masu keke sun tare gaba suna zagi. Nodir ya juya nan, ya juya can, ya rasa me aka rasa. Ya ƙara gurasar zuwa ashirin, wata tsohuwa ta yi masa tsaki.

Sai da mai unguwa ya iso, ya dubi ƙyallen, ya ce, "Ta Sanjar ce, ko? Ina wurin da ya gatsa?"

Nan Nodir ya gane irin gurasar da ya karya.

Aka hango gutsuren a ƙarƙashin mota, manne da tayar baya. Ko yaya ta motsa sai ta niƙe shi. Nodir ya kwanta rubda ciki da farar rigarsa a ruwan kwata, ya miƙa hannu har kafaɗa, ya zaro shi. Ga sawun haƙora nan raɗau.

Dattijon ya karɓa, ya tambayi mai unguwa, "To wadda ta karye, har yanzu tana jiransa, ko ta daina?"

Abin da mai unguwan ya iya cewa kawai, wanda ya karya shi zai kai, shi zai yi wa uwar bayani.

Aka tura motar gefe. Nodir ya rungume ƙunshin ya bi dattijon a ƙasa. Sau biyu mota tana danna musu hon a hanya, shi ma ya manne da bango kamar ƙadangare.

Da suka isa sabon gidan, Salomat ta saurare shi har ƙarshe, ba ta yi kuka ba. Ta buɗe ƙyallen, ta ɗauki gutsuren nan mai sawun haƙora, ta riƙe shi a ƙirji. Sannan ta ɗago ta dubi Nodir.

"Ɗana, irin wannan sauri, mara lafiya ka ɗauko? Ina za ka?"

Nodir ya sunkuyar da kai.

"Shinkafar biki za ni ci, Inna. Ina tsoron kada ta ƙare."

Darasi: Ba ka san abin da mai keken da ke gabanka ya ɗauko ba, kuma abin da gaggawarka ta karya ba lallai ne kuɗinka ya mayar da shi ba. Ka jira minti ɗaya, hanya ta kowa ce. Ku tura wa direban nan na gidanku mai saurin danna hon.