Inda Sanyi Yake Shiga

Akwai wani magidanci a wani gari na kan duwatsu, inda sanyi yake sauka tun ba a gama kai dawa gida ba, ba ya kuma tashi sai an daɗe da cin Kirsimeti. Sunansa Barnaba. Mutum ne mai ƙoƙari, ba shi da rowa, sai dai yana da hali guda: duk abin da ya dame shi, kasuwa yake nufa. In rufin ɗaki ya yi yoyo, Barnaba bokiti zai sayo.

Da mahaifiyarsa Afiniki ta tsufa, ya ɗauko ta daga ƙauye ya ba ta ɗaki a bayan gidansa. Sanyin farko da ta yi a can, tari ya kama ta ya sauka a ƙirji, har aka kwantar da ita a asibiti mako biyu. Ran da za a sallame ta, ma'aikaciyar jinya ta ja Barnaba gefe ta gaya masa gaskiya, cewa ƙirjin tsohuwar ba zai ɗauki wani sanyi irin wannan ba. Maganar ta tsaya masa a rai, gama yana ƙaunar uwarsa ƙwarai.

Saboda haka da kaka ta kewayo, ya sayo gawayi buhu shida, ga shi gawayi ya yi tsada a shekarar. Ya sayo kaskon wuta babba da bargo biyu, ya kuma sa aka yi wa gaban ɗakin fenti shuɗi. Maƙwabta suka yi ta yabonsa, shi kuwa ya ji daɗi, ya ce bana sanyi ya gamu da gamonsa.

Sanyi ya sauka. Matarsa Damaris ta riƙa hura wuta safe da yamma. Buhun farko ya ƙare cikin kwana goma, na biyu ya bi shi, tarin tsohuwa kuma ya dawo. Hankalin Barnaba ya tashi, ya shiga neman mai laifi. Ya ce mai gawayi ya cuce shi, ya ce Damaris tana ɗiba tana girki. Daga baya ya ƙudura zai sayar da akuyarsa guda ɗaya ya ƙaro gawayi.

Ran kasuwa da tsakar rana ya tsaya a bakin ƙofar uwarsa kamar yadda ya saba, igiyar akuya a hannu. Ya gaishe ta, ya ce kada ta damu, yanzu zai dawo da ƙarin gawayi.

Ta ce, "Barnaba, ɗaure akuyar ka shigo."

Ya ce, "Mama, sauri nake yi."

Ta ce, "Shigo. Rufe ƙofar, ja tagar, ka zo ka zauna kusa da ni."

Ya yi yadda ta ce. Ɗaki ya yi duhu. Ya buɗe baki zai yi magana, ta ce ya yi shiru tukuna har idonsa ya saba. Da ya ɗan jima zaune, sai ya fara gani. Ga haske kwance a ƙarƙashin ƙofa, faɗinsa ya isa a zura hannu. Ga ɗigo-ɗigon haske jere tsakanin bango da kwanon rufi. Da ya waiwaya, ga wata tsaga a bangon baya, ta taso daga sama ta sauko daidai inda tsohuwa take sa kai.

Afiniki ta ce, "Ka gani? Duk inda rana ta sami hanya, sanyi ma ya san hanyar. Wutarka tana da kyau, ɗana, amma waje kake ɗumamawa."

Ya tambaye ta me ya hana ta gaya masa tuntuni. Ta ce sau biyu ta gaya masa, amma yana tsaye a bakin ƙofa, ƙafa ɗaya a waje, duka biyun kuma ya amsa da cewa zai ƙaro gawayi. Kunya ta rufe Barnaba, gama ya tuna tun da ya kawo ta gidan bai taɓa zama a ɗakin nan ba.

Ranar bai je kasuwa ba. Ya zaga baya ya ture tarin karan da ya ɓoye tsagar, ya kwaɓa ƙasa da ciyawa ya yaɓe ta ciki da waje. Ya cike tsakanin bango da kwano da laka, ya kafa tabarmi da buhunan da suka ƙare a ƙarƙashin kwanon. Damaris ta cusa tsummoki a tsohon zane ta ɗinke, aka kwantar a gindin ƙofa. Da aiki ya yi masa daɗi, ya hau zai toshe wata 'yar kafa da ke can sama, sai tsohuwa ta hana shi. Ta ce wannan ta hayaƙi ce, ɗakin da ake hura gawayi ba a toshe shi duka, kuma a riƙa fitar da kasko kafin ta kwanta.

Daga ranar, gawayi cikin tafin hannu biyu yakan ɗumama ɗakin har yamma. Tarin ya lafa. Zafi ya shigo ya tarar da buhu biyu ba a kwance bakinsu ba, da akuya a turkenta, da Afiniki zaune a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa.

Ma'anar wannan misali ita ce: ɗakin zuciyar mutum ce, gawayin kuwa ayyukan ibada ne. Da yawa daga cikinmu in muka ji ƙaunarmu ga Ubangiji ta yi sanyi, sai mu ƙaro gawayi. Mu ƙara taro, mu ƙara azumi, mu shiga mawaƙa, mu shiga zumunta. Duka abubuwa ne masu kyau, amma ba sa daɗewa a zuciyar da take da tsaga. Tsagar ita ce ƙiyayyar da ka riƙe wa ɗan'uwanka shekara uku, ko ƙaryar da ka saba da ita har ta daina damunka, ko abin da ka tara kara ka ɓoye a bayan gida, alhali gaban ya sha fenti. Kafar hayaƙin kuwa ita ce kunnen da za ka bari a buɗe domin gargaɗin 'yan'uwa, gama wanda ya toshe kansa duka, ɗuminsa ne zai shaƙe shi.

Hasken shi ne Maganar Allah, ba ta kuwa nuna wa mai sauri kome. Na tabbata, 'yan'uwa, Ubangiji ya riga ya gaya wa kowannenmu inda tsagarsa take, wataƙila fiye da sau biyu, muna tsaye a bakin ƙofa. Wanda ya nuna tsagar kuwa shi ne zai ba da ƙarfin yaɓe ta. Saboda haka a makon nan kada kowa ya ja akuyarsa zuwa kasuwa tukuna. Ɗaure ta, ka shiga, ka rufe ƙofa, ka zauna har idonka ya saba.