Bokitin Ruwan da Muntasir Bai Zuba Ba

A unguwar Alshajara da ke kudancin Khartum, a shekarun mulkin soja, an yi wani ɗan kasuwa mai suna Muntasir. Yadi yake sayarwa a Kasuwar Umdurman, kuma ba a san shi da cuta ko rowa ba. Aibinsa ɗaya ne: ba ya yarda a nuna masa abu. Ko hanya ce ta ɓace masa, gara ya yi ta zagaye da ya tsaya ya tambaya.

Gidansu a kwari yake, kuma akwai ɗaki a ƙarƙashin ƙasa da suke kira badrum. A can yake jibge bandir-bandir na yadi. A can kuma mahaifiyarsa, Hajiya Sittana, ta ajiye akwatin katako mai ɗauke da littattafan mahaifinta, rubutun hannu, waɗanda tsohon ya ɗauko a ka tun daga Haɗeja sa'ad da ya fito aikin hajji a ƙafa, daga baya ya yada zango a Sudan.

A kusurwar badrum akwai rami inda ruwa ke taruwa da damina, da injin lantarki mai zuƙe shi waje. Sai dai a shekarun nan ana yawan ɗauke wuta, balle in hadari ya taso. Don haka Muntasir ya sayo wani injin mai aiki da batir, wanda zai karɓi aikin in wuta ta tafi.

Ranar da ya zauna haɗa shi, Kawu Jatau ya shigo gaisuwa. Yayan Hajiya ne, kuma ya yi shekara ashirin yana kula da injinan ban-ruwa a gonakin Jazira kafin ya komo birni. Ya sauka badrum a hankali, ya tsuguna bakin ramin.

"Ɗana, wannan ƙwallon robar shi ne ran injin. Ruwa ke ɗaga shi, shi kuma ya kunna. Na ga ya matse da bango."

"Kawu, wannan ba irin naku na gona ba ne. Sabon samfuri ne."

"To. In ka gama, kashe kahraba, wato wutar lantarki, ka zuba bokiti ɗaya a ramin mu ji ko zai tashi."

Muntasir ya yi murmushi. Ya nuna ƙaramar fitila koriya da ke ci a jikin akwatin batirin. "Ga shi yana gaya mana da kansa. Tamam yake."

Kawu Jatau ya kaɗe jallabiyarsa ya hau sama shan shayi. Da yamma Hajiya ta ce a hauro mata da akwatin littattafan zuwa ɗakinta har damina ta wuce. Muntasir ya ce, "Inna, inji biyu ne fa a wurin yanzu. Babu inda ya fi badrum aminci a gidan nan."

Bayan mako uku, ranar wata Juma'a, duk gidan suka tafi walimar suna a Alhilla Kuku. Ana cin abincin rana hadari ya haɗo, ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya, wuta ta ɗauke. Hajiya ta dubi ɗanta. Ya ce mata kada ta damu, don irin wannan ranar ya sayi injin. Tituna suka cika, motoci suka cunkushe a kan gada, ba su isa gida ba sai bayan la'asar sakaliya, tare da Kawu Jatau.

Muntasir ya buɗe ƙofar badrum. Ruwa ya haɗiye matakala huɗu. Bandiran yadi na ƙasa sun sha sun kumbura, launin wannan ya zuba a kan wancan. A kan kantar da ya ɗora batirin, can sama, fitilar nan koriya tana nan tana ci.

Kawu Jatau ya naɗe hannun riga, ya shiga ruwan har cinya, ya lalubi ramin. Da yatsa ɗaya ya ture ƙwallon daga jikin bango. Nan take injin ya tashi, ruwa ya fara fita ta tiyo zuwa titi.

Suka ɗauko akwatin su biyu suka kai tsakar gida. Hajiya ta buɗe. Takardun sun manne da juna, tawadar ta narke, ruwa baƙi yana ɗiga ta ƙasan katakon. Ta ɗaga shafi ɗaya, ya rabe a hannunta. Ba ta yi kuka ba, ba ta yi faɗa ba.

"Yaya, ka tuna inda Baba ya rubuta sunayenmu da ranar da aka haife mu?"

"Na tuna," in ji Kawu Jatau. "A bangon ƙarshe ne."

Ta juya zuwa bangon ƙarshe. Babu harafi ko ɗaya da ya rage.

Muntasir ya tsaya da jiƙaƙƙen wando, ya ce, "Inna, ki yafe mini." Ta ce ta yafe. Asarar yadin kuwa ya mayar da ita cikin shekara guda. Amma har Hajiya ta rasu ba ta sake ba shi ajiyar komai ba, ko da makullin ɗakinta ne, kuma ya san dalili.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, sayen kayan kariya ba shi ne samun kariya ba, sai an gwada an ga yana aiki tun kafin ranar buƙata. Kuma wanda ya riga ka sanin aiki, in ya ce ka duba, to ka duba, ko da kana ganin ka fi shi wayewa. Girman kai yakan hana mutum aikin minti biyar, kuma sau da yawa ba shi kaɗai ke ɗaukar asarar ba, har da waɗanda suka amince da maganarsa.