Jakar Keken Sallau

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani ƙauye da ba sai na ambaci sunansa ba, tun zamanin da in aka ce wane yana da abin hawa, to keke ake nufi. Sunansa Sallau. Ba malami ba ne, ba attajiri ba ne. Lebura ne a wani kamfanin gurzar auduga da ke cikin gari, mil tara daga ƙauyensu. Kullum in ya sallame sallar asuba sai ya hau kekensa ya taka mil tara, da yamma ya sake tako mil tara. Shekara goma sha ɗaya yana haka.

To, ku saurara ku ji abin da ke bayan keken nan. Wata jakar buhu ce da matarsa Tabawa ta ɗinka masa, ɗaure tamau a kan kariya. A ciki akwai sufana biyu. Akwai tsofaffin cokula biyu da ya daddaɓe bakinsu don ɓare taya. Akwai guntayen tsohon tub da ya yayyanka don faci, da ɗan samfefa na goge wurin huda, da gwangwanin sholisho, wato gam ɗin da ake liƙe facin da shi. Ga igiya, ga tsumma, ga gorar ruwa da ɗan kwano. Famfo kuwa yana ɗaure a jikin ƙarfen keken, ba ya sauka ko ranar Sallah. Hanyar tasu ta ratsa ta cikin lambuna ne, masu lambu kuma kullum suna jan ƙaya don yin shinge, abin da ya kakkarye ya zube a hanya ba ruwansu.

Akwai wani ɗan ƙauyen nasu, Kallamu, shi ma a kamfanin yake aiki, Sallau ya girme shi da kamar shekara goma. Keken Kallamu kamar amarya yake: madubi biyu, ƙararrawa biyu, furannin roba har a kan birki. Amma ko allura babu ta gyara. In ya zo wuce Sallau sai ya kaɗa ƙararrawa ya ce, "Yaya Sallau, wai kai ke hawan keken nan ko shi ke hawanka? Ai wannan ba jaka ba ce, asibiti ce!"

Sallau ya yi murmushi ya ce, "Kallamu, ba a fafe gora ranar tafiya."

Kun san aikin auduga na kaka ne. In auduga ta ƙare, sai a sallami leburori, kowa ya je ya nemi abin da zai ci har wata shida. A wata shidan nan Sallau kwaɓar ƙasa yake yi wa magina, wata rana a samu, wata rana a kwana da kunu. 'Ya'ya biyar gare shi, jama'a, ga tsohuwarsa.

Ana nan sai mai kula da sikelin kamfanin ya tsufa ya ajiye aiki. Shi wannan aiki na dindindin ne, rani da damina. Manaja ya kira Sallau da Kallamu, don su biyu ne suka iya karanta sikeli. Ya ce, "Ranar Litinin babbanmu zai zo daga birni, ƙarfe takwas, shi zai rubuta suna, kuma ba ya zama. Sallau, kai na fi so, ka fi daɗewa. Amma mutumin nan wanda ya gani a gabansa shi yake rubutawa. Kada wanda ya makara."

Litinin ta zo. Sallau ya fito da wuri, ya sa rigarsa ta Juma'a, yana takawa yana salati. Ya ci kamar mil huɗu, daidai tsakiyar lambunan nan, sai ya hango mutum tsugune a gefen hanya, keke a kwance. Ya matso, sai ga Kallamu. Ashe ya riga shi fitowa, ya bi ta kan reshen aduwa, tayar baya ta kwanta kamar an yanka ta.

Ku saurara da kyau, nan ne wurin. Babu kowa a hanyar nan sai su biyu da Allah. Zuciya ta ce wa Sallau, "Taka ka wuce. Kai ka zuba ƙayar? Kai ka hana shi sayen famfo? Shekara nawa yana maka dariya? Ka tuna da yaran nan biyar." Kuma wallahi da ya wuce, babu alƙalin da zai kama shi da laifi. Har ya gota shi da taki biyu, uku. Sai ya ga ba zai iya wucewa ba. Ya damƙe birki, ya sa ƙafa a ƙasa.

Kallamu ya kasa haɗa ido da shi. Ya ce, "Yaya, ka tafi kawai, za ka makara."

Sallau ya ce, "Juya keken, ƙafafu sama. Akwai lokaci."

Ya tuɓe rigar Juma'a ya rataye a reshe, ya kwance jaka. Cokali ya shiga, taya ta ɓare, ya zaro tub. Ya zuba ruwan shansa a kwano, ya ba tub ɗin iska, yana tsomawa yana duba inda kumfa zai fito. Huda ɗaya. Ya ƙara juyawa, huda biyu. Ya ƙara juyawa, huda uku. Ya buɗe gwangwanin sholisho, sai ya ga saura ɗan kaɗan a gindi. Ya kankaro da yatsa ya liƙe na farko, ya liƙe na biyu, na ukun sai da ya lashe gwangwanin da tsinke. Ya mayar da taya, ya buga famfo har ta yi tauri, ya ce, "Hau."

Kallamu ya hau, ya ce, "Yaya, Allah ya saka. Bari in yi gaba in gaya musu kana tafe."

Sallau ya tattara kayansa, ya goge hannu, ya sa riga, ya bi bayansa. Bai yi mil ɗaya ba ya ji kekensa yana rawa a ƙarƙashinsa. Ya sauka ya duba. Ƙaya ce, tsawon ɗan yatsa, a tasa tayar. Ga faci a jaka, ga famfo, ga samfefa, amma ko ɗigon sholisho babu. Bawan Allah ya ce, "Innalillahi." Ya shiga gefen lambu ya tuge busasshiyar ciyawa, ya cusa a cikin tayar har ta ɗan tashi, ya hau. Wanda ya taɓa taka keken da aka cusa wa ciyawa ya san azabar. Ya isa ƙofar kamfani jage-jage da gumi, ƙarfe takwas da rabi ta wuce. Motar babban nan tana fita, shi yana shiga. An rubuta Kallamu. Shi kuwa Kallamu, da aka tambaye shi ina ɗayan, bai gaya musu Sallau yana tafe ba.

Na ga idanunku. Kuna jira in ce babban ya juyo da mota, ko Kallamu ya fashe da kuka ya mayar da aikin. A'a. Ni ba tatsuniya nake muku ba. An sallami Sallau tare da sauran leburori a ƙarshen watan, ya koma kwaɓar ƙasa. Kuma ya ji zafin abin, kada ku ɗauka dutse ne. Ranar nan da ya koma gida ko tuwo bai iya ci ba.

Tabawa da ta ji labarin, ranta ya ɓaci ƙwarai, kuma ni ban ga laifinta ba. Ta ce, "Malam, shekara goma sha ɗaya kana jan jakar nan kamar jaki, rana ɗaya tak da za ta yi mana amfani, ka juye ta a kan wanda ke maka dariya! Yanzu me zan ce wa yaran nan in rani ya yi tsanani?"

Ya ce, "Gaskiyarki, Tabawa. Na yi kuskure."

Ta ce, "To, gara da ka gane."

Ya ce, "Tun ranar Alhamis na ga sholishon nan ya yi ƙasa. Na ce a raina ai zai ishe ni zuwa Litinin. Ni kaɗai na tuna, na manta ba ni kaɗai ke bin hanyar ba. Kuskuren ke nan. Tsayawar kuwa, ko gobe ta sake zuwa sai na tsaya."

Washegari, kafin ya sayi komai a gari, ya sayi gwangwani biyu. Har ƙarfinsa ya ƙare ya daina hawan keke, ba a sake samun jakarsa da gwangwani ɗaya kaɗai ba, kullum biyu ne.

To, jama'a, ga abin da nake so ku tafi da shi. Guzurin mumini na mutum biyu ne: nasa, da na wanda Allah zai ajiye masa a gefen hanya. An karantar da mu cewa taimaka wa mutum a kan abin hawansa sadaka ne, ba a ce sai in ba ka sauri ba, ba a ce sai in zai gode ba. Sallau ya rasa sikelin kamfani, amma akwai wani sikelin da za a kafa ranar da babu mai makara, kuma a can ba a mance da ko ɗigon sholisho.

Mu fa? Yau muna da babura, muna da motoci, mu ga ɗan'uwanmu yana tura abin hawa a rana, mu dubi agogo mu ƙara wuta. Wani ma ko famfon kansa ba shi da shi, balle na wani. Gobe da safe, kafin ka tayar da abin hawanka, buɗe jakarka ka duba. In abin da ke ciki na mutum ɗaya ne, to ba ka gama shiri ba. Allah ya sa mu zama masu tsayawa.